Ingancin Gyaɗar da Aka Haska da Wadda Aka Soya: Nazarin Hujjojin Gwajin Ciyar da Dabbobi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hujjojin da masana kimiyyar abinci suka samu ta hanyar ciyar da dabbobi, domin tantance ko gyaɗar da aka bi ta da hasken gamma da wadda aka soya suna da illa ga mai ci. An bibiyi yadda ake tsara irin wannan gwaji, da dalilan da suka sa gyaɗa ta zama abinci mai wuyar gwadawa, sannan an ware illar da sarrafawa ke iya haifarwa daga illar da gyaɗar ta taho da ita tun daga gona, musamman dafin aflatoksin. Maƙalar ta kuma taɓo matsalar kalmomin da Hausa ke buƙata domin bayyana wannan fanni ba tare da ruɗar da mai karatu ba.

Fitilun Kalmomi: gyaɗa, haskawa, suya, aflatoksin, gwajin dabbobi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1960 'ya'yan talotalo sama da 100,000 suka mutu a gonakin kiwo na Ingila cikin 'yan watanni. Da yake an rasa gane musabbabin cutar, sai aka laƙaba mata harafin X, wato alamar abin da ba a sani ba. Bincike ya gano cewa duk gonakin da abin ya shafa sun ciyar da tsuntsayensu da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. A daidai wannan lokaci aka sami rahoton mutuwar 'ya'yan agwagwa a Kenya da Yuganda, su ma ta dalilin tunkuzar gyaɗar yankinsu. Daga bisani aka tabbatar da cewa wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ce ke zuba dafi a cikin tsabar gyaɗar, kuma daga sunanta aka ciro sunan dafin: aflatoksin.

Wannan lamari gwajin ciyarwa ne da ba wanda ya shirya shi, amma ya sauya yadda duniya ke kallon gyaɗa. Ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin a wancan zamani dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, kuma tun bayan isowar jirgin ƙasa birnin a 1911 gyaɗa ta zama ƙashin bayan cinikin Arewa da ƙasashen Turai. Ba a daɗe ba masu bincike na Samaru, irin su McDonald da Harkness, suka shiga gwaje-gwaje a Mokwa da Kano domin gano lokacin da fumfunar ke shiga gyaɗa, ko tana ƙasa ko bayan an cire ta.

Hanyoyi biyu na sarrafa gyaɗa suka fi jan hankalin masu binciken lafiyar abinci. Ɗaya tsohuwa ce da kowace mai tallar gyaɗa ta sani, wato suya. Ɗayar kuma baƙuwa ce da ta fito daga fasahar nukiliya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato haska abinci. Abin mamaki shi ne, baƙuwar an yi mata binciken ƙwaƙwaf na shekaru da dama kafin a yarda da ita, tsohuwar kuwa an karɓe ta a matsayin gado, sai daga baya aka waiwaye ta.

2.0 Batun Kalmomi

Kafofin yaɗa labarai na Hausa sun saba da cewa “tururin nukiliya” idan ana maganar hatsari irin na Canobil ko Fukushima. Idan aka ɗauko wannan lafazi aka ɗora wa abinci, mai sauraro zai ɗauka cewa an zuba wa gyaɗar guba ne. Abin da ake yi ya bambanta da haka. Ana wucewa da buhunan abinci ta gaban wani sinadari, galibi kobalt-60, wanda ke fitar da hasken gamma. Hasken ya ratsa buhun ya wuce, kamar yadda hasken hoton asibiti ke ratsa ƙirjin majiyyaci. Sinadarin ba ya taɓa abincin, kuma ƙarfin hasken da doka ta amince da shi bai kai ya mayar da abincin mai fitar da haske da kansa ba. Saboda haka wannan maƙala ta zaɓi kalmar “haskawa”. Ma'aunin hasken da abinci ya sha shi ne gire, kuma gire 1,000 shi ne kilogire 1. Ƙasa da kilogire 1 ya isa ya kashe ƙwarin rumbu ko ya hana su hayayyafa. Kashe fumfuna da ƙwayoyin cuta yana buƙatar fiye da haka.

Kalmar “suya” ma tana da tata matsalar. Bahaushe yana cewa an soya gyaɗa ko a cikin yashi mai zafi aka juya ta, ko a busasshen kasko, ko a cikin mai. A ɗakin gwaji kuwa busasshiyar suya da suyar mai abubuwa biyu ne, kuma sakamakonsu a jikin dabba ya sha bamban, kamar yadda za a gani. Haka nan “ɓera” a Hausa ya haɗe dabbobi biyu da masana ke rarrabewa. A nan za a kira su babban ɓera da ƙaramin ɓera. Bambancin yana da nauyi, domin adadin aflatoksin da ke sa wa babban ɓera sankarar hanta, ƙaramin ɓera baligi yakan ci ya tsira, saboda hantarsa tana da sinadarin da ke saurin ɗaure dafin ya fitar da shi.

3.0 Yadda Ake Gwajin da Inda Yake da Rauni

Tsarin da aka fi bi shi ne gwajin kwana 90. Ana raba ɓeraye rukuni-rukuni, aƙalla maza 10 da mata 10 a kowane rukuni. Rukuni ɗaya ana ba shi abincin da ba a taɓa ba domin ya zama abin kwatance, sauran kuma a ba su abin da ake tuhuma a matakai daban-daban. Ana auna nauyinsu da yawan cinsu, a duba jininsu, a ƙarshe a yanka su a bincika hanta da ƙoda da sauran gaɓoɓi a ƙarƙashin madubin likita. Akwai gwajin shekara 2 domin neman sankara, da gwajin da ke bin zuriya bayan zuriya domin duba haihuwa da nakasar 'ya'ya.

An ƙirƙiro wannan tsari ne domin sinadarai, kamar launin abinci ko maganin ƙwari, waɗanda ake iya ba dabba ninki ɗari na abin da mutum zai ci. Abinci sukutum ba ya karɓar wannan lissafi. Ba yadda za a yi a cusa wa ɓera ninki ɗari na gyaɗar da mutum ke ci, domin cikinsa yana da iyaka. In kuwa aka cika kwanonsa da abinci iri ɗaya, to rashin daidaiton abincin ne zai kwantar da shi, ba sarrafawar da ake bincike ba. Dokar Amurka ta 1958 ta sanya haska abinci a sahun sinadaran da ake ƙarawa a abinci, wanda hakan ya tilasta wa masu bincike bin tsarin da bai dace da abin da suke gwadawa ba.

An ga sakamakon haka tun a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da manyan ɓerayen da aka ciyar da naman shanu da aka haska suka riƙa mutuwa da zubar jini a ciki. Da farko an zaci haskawar ta haifar da wata guba. Da aka zurfafa bincike sai aka gano ƙarancin bitamin K ne: abincin dama ba shi da isasshe, haskawa mai ƙarfi ta ƙara rage shi, kuma da aka mayar da bitamin ɗin zubar jinin ta tsaya.

Gyaɗa ta tara irin waɗannan tarkuna fiye da yawancin abinci. Kusan rabin nauyin tsabarta mai ne, kimanin kashi ɗaya bisa huɗu kuma furotin. Ɓeran da aka ba gyaɗa da yawa yakan rage cin abinci saboda mai ya ƙosar da shi, sai ya rasa wasu sinadaran. Furotin ɗinta yana da ƙarancin layisin da metiyonin, don haka girman dabba yakan ja baya ko da gyaɗar lafiyayya ce. Ɗanyar gyaɗa tana ɗauke da sinadarin da ke daƙile narkewar furotin, wanda ke kumbura gaɓar da ke samar da ruwan narkar da abinci. Wato ita kanta ɗanyar gyaɗar da za a yi kwatance da ita ba wankakkiya ba ce.

Tarko mafi girma shi ne yadda aflatoksin ke rarrabuwa a cikin buhu. Ba ya bazuwa daidai kamar gishiri a miya. Tsaba ƙalilan, wataƙila ɗaya cikin dubbai, su ke ɗauke da kusan dukkan dafin. Wannan ne ya sa hukumar Kodeks, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta nemi a ɗebi samfurin kilo 20 na ɓararriyar gyaɗa kafin a yanke hukunci a kan kaya. Mai binciken da ya raba buhu biyu, ya haska rabi ya bar rabi ba tare da ya niƙe ya gauraya ba, yana iya samun ciwon hanta a rukuni ɗaya kawai saboda mugayen tsabar sun faɗa can. Duk rahoton da bai faɗi adadin aflatoksin da ke cikin abincin kowane rukuni ba, bai cancanci a kafa hujja da shi ba, ko ya wanke haskawa ko ya tuhume ta.

4.0 Abin da Aka Gano Game da Haskawa

Daga 1970 zuwa 1982 ƙasashe da dama sun haɗa kuɗi suka gudanar da wani shiri na bai-ɗaya mai hedikwata a Karlsruhe ta Jamus, inda aka ɗauki nauyin gwaje-gwajen ciyarwa a kan alkama da dankali da shinkafa da kifi da kayan yaji da sauransu. A 1980 kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwar Hukumar Abinci da Aikin Gona, da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya yanke cewa haska kowane irin abinci har zuwa matsakaicin kilogire 10 ba ya haifar da haɗarin guba. A kan wannan Kodeks ta gina ƙa'idarta ta 1983, wadda aka sabunta a 2003.

Ya kamata a lura da kalmar “kowane”. Kwamitin bai ce an gwada kowane abinci ɗaya bayan ɗaya ba. Hujjarsa ita ce, abincin da suka yi kama a sinadari suna haifar da abubuwa iri ɗaya idan aka haska su: mai yana farfashewa ta hanya ɗaya ko a kaza yake ko a gyaɗa, haka ma sitaci da furotin. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida gyaɗa ta sami babban kaso na shaidarta, daga gwaje-gwajen abinci mai maiƙo da na dangin wake. Mafi girmansu shi ne wanda aka yi wa gwamnatin Amurka a ɗakin gwaji na Raltech, aka kammala a farkon shekarun 1980, inda aka ciyar da ɓeraye da karnuka da zomaye naman kaji da aka haska da ƙarfin da ya ninka kilogire 10 sau da yawa, ba tare da an tabbatar da wata illa da ta samo asali daga haskawar ba. Wannan hujja tana da ƙarfi ta fuskar kimiyyar sinadarai, sai dai shaida ce ta maƙwabci, kuma daidai ne mai karatu ya san da haka.

Ƙasar Sin ta matso kusa da gyaɗar kanta. A farkon shekarun 1980 an gudanar da gwaje-gwaje 8 a kan mutane 439 da suka ba da kansu, aka ciyar da su abincin da aka haska na tsawon makonni, ciki har da shinkafa da dankali da gyaɗa, kuma ba a ga bambanci mai ma'ana a jininsu ko a zaren gadonsu ba. A 1984 ƙasar ta amince da haska gyaɗa da ƙaramin awo domin kashe ƙwari.

Dalilin da ya sa Sinawa suka duba zaren gado yana komawa ga wata taƙaddama da ta tashi a Indiya. A 1975 Bhaskaram da Sadasivan na Cibiyar Nazarin Abinci Mai Gina Jiki ta Haidarabad suka ba da rahoton cewa yara masu tamowa da aka ciyar da alkamar da ba a daɗe da haskawa ba sun nuna ƙaruwar ƙwayoyin jini masu ninkin zaren gado. Yara 5 ne kacal a kowane rukuni. Kwamitin da gwamnatin Indiya ta kafa ya sake duba bayanan ya ga ba su isa hujja ba, kuma wasu ɗakunan gwaji ba su sami irin sakamakon ba. Duk da haka rahoton yana nan yana yawo a rubuce-rubucen masu adawa da haskawa har yau. Su ma masu goyon baya suna da nasu abin kunya. Lokacin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tace rahotanni sama da 400 a farkon shekarun 1980, guda 5 kaɗai ta samu sun cika dukkan sharuɗɗan zamanin. Sauran ba su nuna illa tabbatacciya ba, amma yawancinsu an yi su ne kafin a kafa ƙa'idojin aikin ɗakin gwaji da ake bi yanzu.

Ga gyaɗa, tambayar da ta fi dacewa ita ce ta mai. A 1972 LeTellier da Nawar suka gano wasu sinadarai da ke samuwa idan haske ya farfasa maiƙo, waɗanda ake taƙaita sunansu da 2-ACB. Da su ne ma ake gane abinci mai maiƙo da aka haska. A 2002 wani gwaji da Raul da abokan aikinsa suka yi a Faransa ya nuna cewa manyan ɓerayen da aka yi wa allurar wani sinadari mai haddasa sankarar hanji, ake kuma shayar da su tsantsar 2-ACB, sun fi sauran yawan ƙari a hanji. Rukunonin ƙanana ne, adadin da aka ba su ya zarce abin da mutum zai samu a abinci nesa ba kusa ba, kuma gwajin bai nuna cewa sinadarin yana haifar da sankara shi kaɗai ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sake nazarin batun a 2011 ba ta ga dalilin fargaba ba. Amma tunda rabin gyaɗa mai ne, hikima ita ce a tsaya a mafi ƙarancin awon da zai biya buƙata. Ɗanɗano ma yana tilasta hakan, domin haskawa mai ƙarfi tana gaggauta lalacewar man, tana rage bitamin E da tayamin, gyaɗar ta yi maƙaƙi tun kafin a kai ga awon da zai damu likita.

Akwai dabba ɗaya da ta fita daban. A 2008 kyanwoyi da dama a Ostireliya suka kamu da shanyewar ƙafafu bayan cin wani abincin kyanwa da aka haska da kilogire 50 ko fiye a wurin shigo da shi, kuma an taɓa ganin irin haka a kyanwoyin ɗakin gwaji a Ayalan. A 2009 Ostireliya ta hana haska abincin kyanwa. Ba a ga wannan ciwo a karnuka ko ɓeraye ko mutane ba, kuma awon ya ninka na gyaɗa sau da yawa, amma lamarin ya nuna cewa zaɓin dabbar gwaji yana iya ɓoye abu ko ya bayyana shi.

5.0 Abin da Aka Gano Game da Suya

Ta fuskar gina jiki, matsakaicin zafi alheri ne ga gyaɗa. Yana karya yawancin sinadarin da ke daƙile narkewar furotin, kuma yana kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela, muddin ba a sake gurɓata gyaɗar bayan ta huce ba. Annobar da ta ɓarke a Amurka a 2008 zuwa 2009 ta dalilin kayan gyaɗa na wata masana'anta, wadda ta kwantar da mutane sama da 700 ta kashe 9, ta nuna abin da ƙazantar wurin aiki ke jawowa ko da an soya. Idan kuma suya ta wuce kima, sukari yakan haɗu da layisin ya ɗaure shi, launin ya yi duhu, ƙamshi ya ƙaru, amma ɓeraye da 'yan tsaki da aka ciyar da irin wannan tunkuza ba sa girma kamar 'yan'uwansu.

Sinadarin akirilamaid, wanda ya tayar da hankalin duniya a 2002, ta hanyar gwajin ciyarwa aka fara hango shi a abinci: masu bincike a Jami'ar Stockholm sun ga alamarsa ta ƙaru a jinin ɓerayen da aka soya wa abincinsu. Dankali da hatsi ne suka fi samar da shi. Gyaɗa ba ta cikin na gaba-gaba.

Inda busasshiyar suya ta fi shan tuhuma shi ne batun borin jini, wato alajin gyaɗa, wanda ke iya toshe numfashi. A shekarar 2000 Maleki da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa furotin ɗin soyayyar gyaɗa ya fi na ɗanya kama garkuwar jikin masu wannan lalura. A 2001 Beyer da abokan aikinta suka kwatanta busasshiyar suya da dafuwa da suyar mai, waɗanda su ne aka fi yi a ƙasar Sin, suka ga biyun ƙarshe sun fi sauƙi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Oxford suka gwada a jikin ƙananan ɓeraye: waɗanda aka fara haɗa su da furotin ɗin busasshiyar suya sun fi saurin kamuwa, kuma daga baya jikinsu ya yi bore har ga ɗanyar gyaɗa. A nan ne faɗin kalmar “suya” zai iya yin ɓarna a fassara, domin suyar yashi da aka saba da ita a ƙasar Hausa busasshiya ce, dafaffiyar gyaɗar kaka kuwa tana ɗaya ɓangaren. Sakamakon ƙaramin ɓera bai isa a hana kowa cin gyaɗa mai gishiri ba; abin da ya nuna shi ne cewa tsohuwar hanya ma tana sauya sinadaran abinci, a wasu fuskoki fiye da yadda haskawa ke yi.

6.0 Dafin da Ya Gagari Wuta da Haske

A 1961 Lancaster da abokan aikinsa suka ciyar da manyan ɓeraye irin tunkuzar da ta kashe talotalon Ingila, sai suka sami sankarar hanta. A 1967 Wogan da Newberne suka nuna cewa maikurogiram 15 na aflatoksin B1 a kowane kilo na abinci ya isa ya haifar da wannan sankara idan ɓera ya daɗe yana ci. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya aflatoksin a rukunin farko, wato abin da aka tabbatar yana sa wa mutum sankara, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. Binciken da Gong da abokan aikinta suka buga a 2002 a kan yaran Benin da Togo ya danganta yawan dafin a jini da tsumburewa. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutane 125.

Idan aka jera wannan kusa da abin da aka samu a kan haskawa da suya, girman bambancin ya fito fili. Ana ta neman illar sarrafawa da ƙyar a cikin ɗaruruwan gwaje-gwaje, alhali dafin da gyaɗar ta zo da shi yana kashe ɗan agwagwa cikin kwanaki.

Aflatoksin B1 ba ya rushewa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 268 a ma'aunin Salshiyas, zafin da zai mayar da gyaɗa gawayi. Suya tana rage shi ne kawai. Wani bincike da Ogunsanwo da abokan aikinsa suka buga a 2004 a kan gyaɗar Nijeriya ya sami raguwar kimanin kashi 70 cikin 100 bayan busasshiyar suya ta minti 30 a digiri 150. Lissafin mai sauƙi ne: gyaɗar da ta fara da maikurogiram 200 a kilo za ta sauka zuwa 60, alhali iyakar Amurka 20 ce, ta Kodeks 15 ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa, ta Tarayyar Turai kuma 4 ga wadda za a ci kai tsaye. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Haskawa ta fi suya rauni a wannan fage. Hasken gamma yana yin yawancin aikinsa ne ta hanyar farfasa ruwan da ke cikin abinci, busasshiyar gyaɗa kuwa ruwanta kaɗan ne, don haka awon da aka halatta yana kashe fumfunar ya bar yawancin dafinta. Wannan yana da haɗari na musamman: gyaɗar da aka haska za ta ci jarrabawar ƙidayar fumfuna alhali gubar tana ciki. Shi ya sa ƙa'idar Kodeks ta hana a mayar da haskawa madadin tsafta da kyakkyawan aikin gona. Bugu da ƙari, gyaɗar da aka kashe wa dukkan ƙananan halittunta fili ce da ba mai gadi. In ta sake jiƙewa fumfuna ta faɗa mata, ba abokin takara. Priyadarshini da Tulpule sun ba da rahoton ƙaruwar aflatoksin a hatsin da aka haska sannan aka shuka masa fumfuna da gangan a 1976, ko da yake yanayin ɗakin gwajinsu ya bambanta da na rumbu.

Nijeriya tana da na'urar haskawa ta gamma a Sheda kusa da Abuja, Gana ma tana da tata a Kwabenya. Amfaninsu ga gyaɗa yana wajen kare tsabar da dama tsabtatacciya ce daga ƙwari a cikin marufin da ba ya shan danshi. Rage dafin kansa aikin gona ne da na shanya: cire gyaɗa a kan kari, kare ta daga gara da ke huda kwanso, busar da tsaba zuwa danshin kashi 7 ko 8 cikin 100, da tsince ƙanƙanannu da masu sauyin launi. Farin ƙarshen damina, wanda ya zama ruwan dare a yankin Sahel, shi ke buɗe wa fumfunar ƙofa tun gyaɗar tana ƙasa. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wato ƙwayar dawa da aka lulluɓe da nau'in fumfunar da ba ya yin dafi, ana watsa ta a gona kafin fure domin ta riga mai dafin kama wuri.

Tsincewa tana haifar da tata tambayar, wato ina tsintattun ke tafiya. A kasuwa ba a zubar da su. Ana sayar da su da araha ga masu matsar mai da masu haɗa abincin kaji. Idan aka matse mai, yawancin dafin yana zama a tunkuza, kuma tunda nauyi ya ragu, adadinsa a kowane kilo yana ƙaruwa. Daga tunkuza ake yin ƙuli-ƙuli, daga ƙuli-ƙuli ake daka yajin tsire da garin kwaɗo. Kajin da suka ci irin wannan abinci girmansu yakan tsaya, ƙwai ya ragu, rigakafi ya ƙi kama su. Saniyar tatsa kuma tana juya wani kaso na B1 zuwa aflatoksin M1 ta fitar da shi a madara, inda tafasawa ba ta kawar da shi. Domin haka Tarayyar Turai ta kafa iyakar maikurogiram 5 a kilo ga haɗaɗɗen abincin shanun tatsa, da 0.05 a kilo na madara. A Senegal manyan masana'antun mai sun bi hanyar turara tunkuza da iskar amoniya kafin fitar da ita, hanyar da gwajin dabbobi ya nuna tana karya mafi yawan dafin, sai dai an keɓe ta ga abincin dabbobi, kuma tana buƙatar na'urorin da mai matsar mai a cikin gida ba ta da su.